Gero, Wake da Takobi

Daga wani tsohon ɗalibin wannan makaranta, haifaffen Tsamaye

Masu iya magana sun ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wanda ya taɓa shiga fili da yunwa, ko ƙwallo ne, ko gudu, ko kokawa, ya san gaskiyar wannan magana. Amma akwai tambayoyi biyu da karin maganar bai amsa mana ba. Ta farko, wane irin abinci ne yake ba ɗan wasa ƙarfi? Ta biyu, wa zai ciyar da shi, wa kuma zai shirya masa fagen da zai nuna ƙarfin nasa? A jami'o'in duniya a yau akwai malaman da ba su da wani aiki sai binciken waɗannan abubuwa: yadda ake tafiyar da ƙungiyoyin wasanni, yadda ake samun masu ɗaukar nauyinsu, da kuma abincin da ya dace da 'yan wasa, har da waɗanda ba sa cin kome sai abin da ya tsiro daga ƙasa. Da aka nemi in rubuta wani abu domin mujallar wannan shekara, sai na ga ya dace in ɗauko kaɗan daga abin da na karanta na binciken nan, in gwada shi da abin da idona ya gani a garinmu.

Tsamaye tana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a gabashin jihar Sakkwato, maƙwabtan Isa, ba nisa da iyakar Nijar. Ƙasar Gobir ce. Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba Gobirawa gida biyu, Sabon Birni a wannan gefe, Tsibiri kusa da Maraɗi a wancan gefe. Harshenmu ɗaya, tsagar fuskarmu ɗaya, kuma wasan da ya fi kowane shiga ranmu ɗaya ne, watau kokawa.

Yadda ake shirya kokawa a da

Sa'ad da nake yaro, kokawa wasan kaka ce. Idan an gama yankan gero, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai samari su fara motsi. Sarkin samari ya je wurin mai gari ya nemi izini. In an ba shi, sai ya aika da goro ƙauyukan da ke kewaye, a sa rana. Baƙi suna isowa a raba su gida gida, kowane ɗan kokawa da masaukinsa, kuma abin kunya ne baƙon mutum ya shiga fili bai ƙoshi ba. Da la'asar makaɗa su fara, 'yan kokawa su fito da walki da layu, kowa yana kirari yana neman abokin karawa. Dattawan da suka yi zamaninsu a fage su ne alƙalai, in sun ce an yi kaye, to an yi. Wanda ya kada gwani, sai a yi masa kari: wani ya ba da goro, wani kuɗi, wani damin gero, mai hali kuma ya ba da riga ko ɗan akuya.

A lokacin, wasa kawai nake gani. Sai daga baya na lura cewa duk ayyukan da littattafan sarrafa wasanni suke lissafawa suna nan a cikin wannan shiri. Akwai mai ba da izini, akwai mai gayyata, akwai mai saukar da baƙi, akwai mai hukunci, akwai mai shela, akwai kuma mai ba da lada. Ba takarda, ba alƙalami, amma kowa ya san aikinsa. Abin da ya fi muhimmanci, nauyin bai hau kan mutum ɗaya ba. Gari ne gaba ɗaya yake ɗauka, kowa gwargwadon abin da rumbunsa ya samu.

Sai dai wannan shiri yana da rauni. Ya dogara ga damina mai kyau, ya dogara ga zaman lafiya, ya kuma dogara ga abin da ke cikin kan 'yan mutane kaɗan. Manyanmu sun ce a shekarun fari, kamar 1973 da 1984, ganga ba ta yi ƙara ba, domin wanda bai ciyar da iyalinsa ba ba ya saukar da baƙo. Idan kuma sarkin samari mai himma ya rasu ko ya tafi ci-rani bai dawo ba, sai a yi shekaru ba a tara kowa ba.

Abincin ɗan kokawa

Ina da kawu wanda ya yi suna a kokawa a yankinmu. Na zauna gidansa, na san abin da yake ci. Da safe ɗumamen tuwo ko kunu. Da rana fura, wani lokaci da nono, wani lokaci da ruwa kawai. Da dare tuwon gero ko na dawa da miyar kuka da daddawa. Tsakani kuma wake dafaffe, ko kwaɗon zogale da ƙuliƙuli. Nama sai ranar kasuwa, shi ma ba kullum ba, ko ranar suna da salla. Wata rana na ce masa, "Kawu, da kana cin nama kullum, ai ba mai iya tsayawa gabanka." Sai ya yi dariya ya ce, "Yaro ke nan. Ƙarhi cikin hatsi ya ke, nama daɗin baki na." A ƙasar Hausa dai an san dambe da mahauta, kokawa kuwa wasan manoma ce, kuma abin da manomi ya noma shi ɗan kokawa yake ci.

Da na zo wannan makaranta na tarar yawancin ɗalibai, musamman 'yan ƙwallo, suna da ra'ayi dabam. Ranar da aka dafa wake a ɗakin cin abinci sai ka ji ana gunaguni, ranar da aka sa tsokar nama kuwa kamar an yi biki. Na tabbata har yanzu ba a rasa masu wannan hali. To, bari mu ji abin da masu bincike suka gano.

A shekarar 2004 wasu masana, ciki har da Vincent Onywera na ƙasar Kenya, suka buga sakamakon binciken da suka yi kan abincin manyan 'yan gudun dogon zango goma na ƙasar. Kwana bakwai suna auna duk abin da mutanen nan suka ci. Suka tarar kusan kashi 77 cikin 100 na kuzarin da suke samu daga abinci mai sitaci da sukari ne, kashi 10 daga furotin, watau sinadarin gina jiki, sauran kuma daga mai. Yawancin abincin daga tsirrai yake: tuwon masara da suke kira ugali, da shinkafa, da dankali, da wake, da ganye, sai shayi da madara da nama kaɗan. Waɗannan su ne mutanen da duniya ta kasa cim musu a fagen gudu.

Wani binciken kuma ya koma can baya. A Afisa, birnin nan da muka sani daga wasiƙar Manzo Bulus, wanda kangonsa yake ƙasar Turkiyya ta yanzu, an tono maƙabartar mayaƙan da suke gwabzawa a filin wasa a zamanin Romawa. A 2014 masana daga Ostiriya da Suwizalan suka bayyana abin da suka gano a ƙasusuwan: yawancin abincin mayaƙan nan hatsi ne, alkama da sha'ir, da kuma wake. Dā ma marubutan Romawa suna yi musu laƙabi da masu cin sha'ir.

Dalilin ba boyayye ba ne. Hatsi yana ba da kuzari, kuma gero yana da furotin wajen kashi 11 cikin 100. Busasshen wake yana da wajen kashi 23 zuwa 25, gyaɗa ma haka, waken suya da ake awara da shi ya fi kashi 35. Furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin, wanda wake yake da shi da yawa. Wake kuma yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, wanda hatsi yake da shi. In aka haɗa su sai kowane ya cike giɓin ɗan'uwansa. Iyayenmu mata ba su san waɗannan sunaye ba, amma ƙosai da koko, da shinkafa da wake, da ɗanwake, duk wannan haɗin ne.

Manyan ƙungiyoyin masana abinci da lafiyar 'yan wasa na Amurka da Kanada sun bayyana a 2016 cewa ɗan wasa yana bukatar furotin giram 1.2 zuwa 2 a kowace rana, a kan kowane kilo na nauyin jikinsa. Ku zo mu yi lissafi irin na aji. Saurayi mai kilo 70, in muka ba shi giram 1.6 a kan kowane kilo, yana bukatar giram 112. Rabin kilo na gero zai ba shi wajen giram 55. Wake giram 200 zai ba shi wajen 46. Gyaɗa giram 50 kuma wajen 13. Jimla giram 114. Ga shi bukata ta biya, ba a yanka ko kaza ba. Nijeriya ce kuwa ta fi kowace ƙasa noman irin wakenmu a duniya, Nijar tana biye da ita.

Amma a nan sai a yi hattara. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono. An kafa ƙungiyarsu ta farko a Ingila a 1944. Masana sun yarda cewa ɗan wasa zai iya rayuwa a kan irin wannan abinci, in an tsara shi da kyau. Sharaɗin shi ne ya riƙa shan ƙwayar bitamin B12 ko abincin da aka ƙara wa bitamin ɗin, domin ba a dogara ga tsirrai wajen samunsa, kuma rashinsa yana kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Kawuna ba ya cikin waɗannan mutane. Nonon da ake dama masa fura da shi, da kifin gulbin Rima, da ɗan naman ranar kasuwa, su suka tsare shi daga wannan rashi. Saboda haka kada wani ɗalibi ya karanta wannan ya ce ya daina shan nono. Wani abin lura kuma, ƙarfen jini da ke cikin wake da ganye ya fi shiga jiki in an ci shi tare da tumatir, ko lemo, shayi kuwa yana rage shigarsa in an sha shi a kan abinci.

Abin da yake ba ni tsoro a yau shi ne samarin da suka raina tuwo suka koma neman ƙarfi a cikin ƙwaya. Tiramol ba ya gina tsoka ko ɗaya. Yana ɓoye gajiya da ciwo ne kawai, har mutum ya ji wa kansa rauni bai sani ba, daga nan kuma ya zama bawan ƙwaya. Tun daga Janairu 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi ga 'yan wasa a lokacin gasa.

Ƙetaren iyaka

To, in abincinmu ya isa, ƙarfi kuma akwai, me ya sa yaran Tsamaye suka san sunayen 'yan kokawar Nijar, amma yaran Maraɗi ba su san namu ba? Gero ɗaya muke ci da su, wake ɗaya, rana ɗaya take dukanmu. Bambancin yana wajen tsari.

A 1975, shekara guda bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki, Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa. Wanda ya fara cin takobi shi ne Yakuba Kantu, ɗan jihar Maraɗi, kuma filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Abin da suka yi shi ne, sun ɗauki kokawar ƙauye irin wadda na bayyana, suka sa mata doka a rubuce da lokaci sananne. Ana tankaɗe da rairaya tun daga ƙananan hukumomi, har kowace jiha ta fid da gwanayenta goma. Jihohi takwas ne, Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, watau 'yan kokawa 80. Kafin gasa a tara 'yan kowace jiha wuri ɗaya, a ciyar da su, a horar da su. Gasar tana zagayawa daga jiha zuwa jiha, kowace da filinta ginanne. Akwai hukumar kokawa ta ƙasa, akwai alƙalai masu horo, akwai agogo. Wanda aka kada ya fita daga neman takobi, a ci gaba har a rage mutum biyu. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa suna watsawa kai tsaye, mu ma a wannan gefe da rediyo muke bi. Wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi, da kuɗi miliyoyin sefa, ban da karin da hukumomi da kamfanoni da attajirai suke yi. Kadiri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ci takobin har sau shida, na shidan a gasa ta 44 da aka yi a Agadas.

Ku lura da jerin abubuwan. Da aka sa lokaci sananne, sai rediyo ya san ranar zuwa. Da rediyo ya zo, sai jama'a suka ƙaru. Da jama'a suka ƙaru, sai kamfanoni suka ga riba a sa sunansu a bakin fili. Mai kuɗi ba ya zuba dukiyarsa inda bai san ranar da za a yi abu ba, bai kuma san wanda zai tambaya ba.

A namu gefen ba a rasa ƙoƙari ba. Ana yin kokawa da dambe a bikin kamun kifi na Argungu, akwai wasannin gargajiya a bikin wasanni na ƙasa da aka fara a Legas a 1973, kuma a Maris 2025 Abuja ta karɓi baƙuncin gasar kokawa ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Amma tsanin da zai ɗauki yaro daga dandalin Tsamaye zuwa Sabon Birni, daga nan zuwa Sakkwato, shekara bayan shekara ba fashi, shi ne ban taɓa gani ba.

Mai ɗaukar nauyi

Wata shekara, ana gab da zaɓe, wani mai neman kujera ya sa kofin ƙwallo a yankinmu. Ƙanena yana cikin 'yan wasan. An raba riguna masu hoton mutumin, an yi alkawarin babur ga ƙungiyar da ta zo ta ɗaya. Samari suka bar aikin fadama suna atisaye safe da yamma, wasu suka ci bashi suka sayi takalma. An kai wasan kusa da na ƙarshe sai aka yi zaɓe. Har yau ba a buga wasan ƙarshe ba. Da samarin suka je tambaya, sai aka ce su nuna takardar da aka yi alkawarin a ciki. Babu ita, babu kuma kwamitin da zai tsaya musu, domin mai kofin shi ya naɗa masu shirya gasar, da ya tafi suka bi shi.

Wannan ba ciwon ƙauye kaɗai ba ne. Manya za su tuna da Leventis United ta Ibadan, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi a 1985, ta kuma ci gasar lig ta Nijeriya a 1986. Za su tuna da Abiola Babes ta Abeokuta, wadda ta ci kofin ƙalubale a 1985 da 1987. Kafin shekarun 1980 su ƙare, duka biyun sun watse, domin kowace a kan aljihu ɗaya take tsaye, da aka janye aljihun sai ta faɗi. Masana a Jami'ar Wasanni ta Kolon a ƙasar Jamus sun yi shekaru suna bin diddigin ƙananan ƙungiyoyin wasa na ƙasarsu, waɗanda sun fi 80,000. Daga cikin abin da suka gano, ƙungiyar da kuɗinta yake shigowa ta ƙofofi da yawa, kuɗin mambobi, da gudummawa, da tallafin hukuma, da na 'yan kasuwa, ta fi jure wa wahala. Sun kuma gano cewa babbar damuwar ƙungiyoyin ita ce samun mutanen da za su riƙe muƙaman aikin sa-kai. Ashe har a ƙasar masu arziki, sakatare da ma'aji na kirki suna da wuyar samu.

Ɗaukar nauyi ciniki ne, kowane ɓangare yana da abin da yake nema, kuma wanda ya san darajar hajarsa shi yake cin kasuwa. Birnin Montiriyal na Kanada ya yi wasannin Olamfik na 1976 da kamfanoni fiye da 600, amma ya fita da bashin da bai gama biya ba sai 2006. Masu shirya na Los Anjalis a 1984 suka rage yawan kamfanonin ƙwarai, suka ba kowane damar zama shi kaɗai a fannin sana'arsa, suka tsawwala kuɗi, suka fita da rarar fiye da dala miliyan 200. A Sanagal, bayan an kafa kwamitin kula da kokawa na ƙasa a 1994, kamfanonin waya suka shigo, har kokawa ta zama sana'ar da manyan gwanaye suke karɓar miliyoyi a karo ɗaya.

Akwai ma ƙungiyar da abinci ne ya zama hajarta. Forest Green Rovers ƙaramar ƙungiyar ƙwallo ce a wani ɗan gari a Ingila. A 2015 ta daina sayarwa ko dafa duk abin da ya fito daga dabba a filinta. Wannan ya sa aka san ta a duniya, kamfanonin abincin tsirrai suka zo suna neman sa sunansu a jikinta. Abincin bai hana ta hawa da sauka a teburin gasa ba, kamar kowace ƙungiya, amma ya nuna cewa ƙaramin wuri zai iya samun masu tallafi in ya san abin da ya bambanta shi da saura.

Ba kowane kuɗi ne kuma ake karɓa ba. Kamfanonin caca sun shiga wasanni ƙwarai, har sun fara leƙowa fagen dambe. A 2023 ƙungiyoyin babbar gasar ƙwallon Ingila da kansu suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu daga kakar 2026. In masu kuɗi sun ga illar abin, ina ga mu da yaranmu suke kallo?

Halin da ake ciki

Ba zan rufe ido in yi kamar ban san abin da ya sami ƙasarmu ba. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka addabi Sabon Birni da Isa. A Mayu 2020 an kashe fiye da mutum 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni a hari ɗaya. A Agusta 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutanenmu sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi gudun hijira, wasu sun koma cikin Sabon Birni da Isa da Sakkwato. Gonaki da yawa sun zama saura. Abubuwa biyu da kokawar da ta dogara gare su, cikakken rumbu da kwanciyar hankali, duka an taɓa su.

Wani zai ce, ana wannan hali wa yake ta wasa? Tsaro dai shi ne kan gaba, kuma hakkin hukuma ne. Amma a tuna, waɗanda suke ɗauke da bindiga a daji yawancinsu samari ne, tsaran waɗanda dā suke ɗaura walki. A dā saurayi yana da wurin da zai nuna ƙarfinsa a gaban jama'a, a yi masa kiɗa, a kira sunan ubansa, in an kada shi kuma ya tashi ya kakkaɓe ƙasa ya ba abokin karawarsa hannu. A fagen nan ɗan manomi da ɗan makiyayi suke haɗuwa, a ci a sha tare. Yaron da aka haifa a sansanin gudun hijira bai taɓa ganin wannan ba. In dattawan da suka san dokokin wasan da sunayen gwanayen da suka ƙare ba a rubuta kome ba, ko zaman lafiya ya dawo za a tarar babu abin da za a koma wa.

Kira ga 'yan'uwana ɗalibai

A garin Iten na ƙasar Kenya akwai makarantar mishan mai suna St. Patrick's. A 1976 wani malami ɗan ƙasar Ailan, Brother Colm O'Connell, ya zo koyar da labarin ƙasa, ba shi da wani horo na koyar da gudu. Da haƙuri da tsari, da abincin makarantar kwana irin namu, ya horar da zakaru da yawa, har da David Rudisha wanda ya kafa tarihin duniya a gudun mita 800 a Landan a 2012. Makarantar sakandare ce kamar wannan.

Ba kowa a cikinku zai zama gwani a fili ba, amma kowa a cikinku ya iya rubutu da lissafi, kuma su ne abin da wasanninmu suka fi rasawa. In kun koma gida hutu, ko a ƙauye kuke ko a inda aka yi hijira, ku tara samari da izinin manya ku kafa kwamiti. Ku rubuta dokokinku ko da shafi ɗaya ne. Ku sayi littafi na shiga da fitar kuɗi, a riƙa karanta shi a gaban kowa. Ku sa rana sananniya, da rana tsaka, a wurin da hankali ya kwanta. Kada ku jira mai babur. Tiyar wake daga wannan gida, tiyar gero daga wancan, ƙuliƙuli daga wurin mata masu mai, da ɗan kuɗin mambobi, sun isa a fara, kuma shi ne karin iyayenmu a sabuwar riga. In attajiri ko kamfani ya zo, ku karɓe shi hannu biyu, amma a rubuta abin da zai bayar da abin da za a yi masa, a sa hannu gaban shaidu. Sa'an nan ku zauna da tsofaffin 'yan kokawa ku rubuta sunayensu, da garuruwansu, da waɗanda suka kada, tun suna da rai.

Ga malamai da iyaye da shugabannin ikkilisiya kuma, roƙona shi ne a ɗauki shugaban wasanni da ma'ajin kulob a makaranta da muhimmanci kamar yadda ake ɗaukar mai cin ƙwallo. A bar ɗalibai su riƙe littafin kuɗi da kansu, a duba musu, a gyara musu. Sannu ba ta hana zuwa. Ku kuma 'yan ƙwallo, ranar da aka dafa wake a ɗakin cin abinci, ku miƙa kwano da murna.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya cika rumbuna, mu sake jin ganga a dandali. Amin.